Illo: Inda motoci ke sunkuyar da kai

Wanda ya tashi daga Bagudo zai je Illo, sai ya haye Kogin Kwara ta gadar Tuga, ya ratsa Ka'oje, sannan ya nufi iyakar Jamhuriyar Benin. Gaba da Illo akwai Lolo, daga nan kuma an shiga wata ƙasa, hanyar babbar kasuwar Malanbil. A tashar garin za ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, har da ɗan Faransanci idan an zo lissafin sefa. Mu ɗalibai da muka je hutun ƙarshen zango, kogi da fadamun shinkafa muka je gani, amma sai motocin haya suka ɗauke mana hankali.

Da yawansu, musamman Golf mai dogon baya, idan babu kaya a ciki za ka gan su baya a sama, goshi a ƙasa, kamar rago zai yi karo. Da gangan aka yi. Makanikai kan canza sifirin ɗin baya su sa mai ƙarfi, wani lokaci har da taya mai tsayi, domin idan aka loda buhunan shanshera ko albasa, aka cika fasinja, motar ta dawo daidai maimakon salansa ta riƙa sharar ƙasa.

Ɗaya daga cikinmu, mai karatun injiniya, ya nuna mana a wayarsa cewa a Amurka ma akwai masu irin wannan tsayuwa. Tun shekarun 1930 samarin Kaliforniya ke ɗaukar tsofaffin Ford, musamman ƙirar 1932, su rage musu nauyi, su je tsere a busassun tafkuna. Su ne motocin da ake kira hot rod. Sukan sa manyan tayoyi a baya, sirara a gaba, motar ta sunkuya. Dalilinsu shi ne tayoyin baya ke tura motar, na gaba kuwa juya ta kawai suke yi. Yanzu abin ya koma ado, har musu suke yi a kan inci guda. Direban Illo bai da lokacin wannan kwalliya. Kuma lissafinsa ya sha bamban, don ita Golf tayoyin gaba ke jan ta, su ke juya ta, su ne kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Idan kaya ya danne baya, gaba ya yi sakayau, sai sitiyari ya daina jin magana, taya ta riƙa murzawa a banza cikin rairayi.

A rumfar wani dattijo mai faci muka fi daɗewa. Mun gaishe shi da Baba, ya ce da mu 'yan boko, ya jawo tayoyi biyu ya sa mu karanta lambobin jikinsu. Ɗaya 175/70 R13, ɗayar 185/70 R14. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman wili a inci. Muka buga lissafi a waya: ta farko tsayinta milimita 575, ta biyu kusan 615. Wato wanda ya sauya daga ƙaramar zuwa babbar ya ɗaga motarsa da santimita biyu kacal. A titin Birnin Kebbi wannan ba komai ba ne. A hanyar ƙauye da damina, inda tirakta ta bar kwari biyu da tudu a tsakiya, santimita biyun nan ne ke raba cikin mota da dutse.

Sai dai ba a samun wannan tsayi kyauta. Babbar taya a gaba kan goga jikin mota idan an murɗe sitiyari gaba ɗaya, tashi da kaya ya ƙara nauyi, kuma agogon gudu ya fara ƙarya: yana nuna 100, motar tana kusan 107. Shi ya sa wasu direbobi ke barin ƙaramar a gaba su kai babbar baya, wanda ke ƙara wa motar sunkuyon nan da muka gani. Su kuma fitilu da dare sai an sake saita su, don idan kaya ya zaunar da baya, hasken sama yake tafiya, cikin idon mai zuwa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai na mota ya tashi, don haka taya 'yar Kwatano ta fi sabuwa kasuwa a irin waɗannan tashoshi. A nan ne muka ga ya kamata duk mai shiga motar haya ya iya karanta lambobi huɗu da ke gefen taya. Idan ka ga 2317, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2017. Zanenta na iya zama garau, alhali robar ta bushe, ga zafin kwalta a watan Afrilu.

Akwai wani saɓani da muka kasa rabawa. Direbobin da muka zanta da su duk a gaba suke sa taya mai kyau, don sun fi tsoron fashewar gaba. Kamfanonin taya kuwa shawararsu ita ce a sa mafi kyau a baya, saboda idan baya ya zame a kwana, da wuya direba ya kamo motar. Mu dai hankalinmu ya fi tashi a kan na bayan, saboda wata lamba da ba mu ga kowa yana dubawa ba. Ƙaramar tayar da Baba ya nuna mana tana ɗauke da 82, ma'ana kilo 475 ne iyakarta. Babbar tana da 88, kilo 560. Motar da muka shiga muka baro Illo, sai da aka ɗaure but ɗinta da igiya saboda buhuna, ga mutum huɗu a kujerar baya, kuma dukan tayoyinta huɗu masu lamba 82 ne.