Abin Da Na Gani A Bayan Gidanmu

Ni mutumin Mahuta ne, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur. Duk wanda ya san ƙasar nan tamu, tun daga Funtua har Malumfashi, ya san ba mu da sana'ar da ta wuce noma. Masara, dawa, auduga da waken suya su ne arzikinmu. Saboda haka tun muna ƙanana aka koya mana cewa ƙwaro abokin gaba ne, in ka gan shi ka taka. Haka ni ma na tashi, har zuwa dogon hutun bara.

Da aka ba mu hutu, malaminmu na kimiyya ya ce kowa ya komo da bayanin ƙwari biyar na garinsu. Ni kuwa ban iya zane ba, sai na roƙi yayana ya riƙa ara mini wayarsa da safe in ɗauki hotonsu. Ya yarda, amma da sharaɗin in na fasa gilashin, to, in nemi wani gari.

Ranar farko na sha wahalar banza. Na fita da rana tsaka, na yi ta bin malam-buɗe-littafi daga wannan fure zuwa wancan kamar mahaukaci. Da na matso sai ya tashi. Hoto 30 na ɗauka, babu na kirki ko ɗaya. Haushi ya kama ni, na kai wa wani cafka na riƙe shi da yatsu don ya tsaya. Da na sake shi sai ya faɗi ƙasa yana ta karkarwa, fiffike ɗaya ya karye, yatsuna kuwa duk wani gari mai launi kamar kwalli. Hoton ya fita sarai, amma har yau ba na son kallonsa. Daga baya Malam ya gaya mini garin nan ƙananan ɓawo ne da ke jere a kan fiffiken kamar jinka, su ne ke ba shi launi.

Kakata tana zaune tana kaɗi, ta ga duk abin da ya faru. Ta ce, "Kai angona, wa ya gaya maka ana farauta da gudu? Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Je ka da sassafe, kafin raɓa ta bushe."

Ashe tsohuwa ta san abin da take faɗi. Ƙwaro ba ya iya ɗumama jikinsa kamar mu, sai rana ta taɓa shi. Da sanyin safiya sai ka same shi lafe a kan ganye, ya buɗe fukafukai yana shan hantsi. A nan na koyi dabarun da zan gaya wa duk mai sha'awa. Ka matso a hankali, ba tare da inuwarka ta faɗa kansa ba. Ka durƙusa ka dafa gwiwar hannu a kan gwiwarka, ka riƙe numfashi, don ko ƙaramin motsi na ɓata hoto. Ka saita a kan idonsa, gama in an matso ƙwarai wuri kaɗan ne ke fita sosai, sauran duk dishi-dishi. In ana iska, ka jira. Na kuma gano cewa in na kara gilashin ƙara girma a gaban idon wayar, sai in ga har gashin ƙafar ƙudan zuma da garin fure da ya maƙale mata.

A bayan gidanmu akwai tumfafiya, wadda ko akuya ba ta cika damuwa da ita ba. A kanta na ga wata tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya, tana cin ganyen hankali kwance. Na riƙa zuwa kullum ina ɗaukarta. Wata safiya na tarar ta rataye kanta a ƙarƙashin ganye, kashegari ta zama wani ɗan ƙunshi kore mai ɗigon zinariya. Na nuna wa Kaka, na ce malam-buɗe-littafi zai fito daga ciki. Ta yi dariya ta ce, "Boko ya fara taɓa ka." Bayan kamar mako guda ƙunshin ya tsage, ga shi ya fito, ja-ja mai bakin fiffike baƙi da ɗigon fari. Na jera mata hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah! Shekara nawa ina wuce tumfafiyar nan." Malam ya ce dafin da ke cikin ruwan tumfafiya yana zama a jikin tsutsar har ta girma, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale ta.

A jikin lemon tsamin da ke tsakar gida kuma na sami wata tsutsar da ta yi kama da kashin tsuntsu, har sai da ta motsa na gane mai rai ce. Da na taɓa ta da tsinke, sai ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, mai ɗoyi. Kowa da irin garkuwar da aka ba shi.

Babana dai bai ga amfanin wannan aiki ba. Yakan ce, "Sa'o'inka suna gona, kai kana nan kana gaida ƙwari." Ba na musu, sai in ajiye waya in ɗauki fartanya. To, ana nan cikin watan Yuli sai masararmu ta fara lalacewa. Ganye duk huji, cikin kan masarar kuma cike da wani abu kamar dussar katako. Baba ya ce tsutsar kara ce da aka saba, ya sayo magani a kasuwa ya fesa da rana. Bayan kwana biyar ɓarna sai ƙaruwa take yi. Gonar nan kuwa ita ce abincinmu na shekara, daga cikinta kuma ake biyan kuɗin makarantata.

Na buɗe kan wata masara na zaro tsutsar, na ɗora ta a ganye na ɗauke ta kusa ƙwarai. Da na buɗa hoton sai na ga abin da ido bai nuna mini ba: a goshinta akwai wani farin zane mai kama da gwafa a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo baƙaƙe 4 a jere kamar kusurwoyin ɗaki. A bayan wani ganye na sami tarin ƙwai lulluɓe da abu kamar auduga. Ranar kasuwa na kai wa malamin gona. Yana gani ya ce, "Wannan ai baƙuwar tsutsar nan ce." Ya ce asalinta daga nahiyar Amurka take, a shekarar 2016 aka fara ganinta a Nijeriya, daga nan ta bazu kusan ko'ina a Afirka. Uwarta da dare take tashi, tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 wuri ɗaya. Tsutsar kuwa da rana ɓuya take yi can cikin kan masara, saboda haka feshin rana a kan ganye asarar kuɗi ne. Ya ce a yi feshi da yamma lis ko da sassafe, a saita bakin famfo cikin kan masarar, a kuma bi gona ana murƙushe ƙwan da hannu. Ya ƙara da cewa kada a yi ta fesa magani barkatai, don yana kashe rina da tururuwa da gizo-gizo masu cin tsutsar, har da ƙudan zuma.

Da na komo na rasa yadda zan gaya wa Baba cewa ya yi kuskure. Sai na miƙa masa wayar kawai, na ce, "Baba, ga saƙon malamin gona." Ya kalli hoton, ya saurare ni har na gama, bai ce uffan ba. Da la'asar sai na ji ya ce, "Ɗauko famfon mu tafi." Mun yi mako biyu muna bin kunya-kunya, ni da ƙannena. Ba mu ceci gonar duka ba, gefen da aka fara ci ya tafi, amma abin da muka girbe ya kai mu. Ran da muke ɗaure buhuna Baba ya ce wa yayana, "Ka riƙa bar masa wayar nan da safe."

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ban ce kowa ya bar karatu ya bi ƙwari ba. Abin da na ce shi ne, yawancinmu 'ya'yan manoma ne, amma ba mu iya bambanta ƙwaron da ke cin gonarmu da wanda ke tsaron ta. A Samaru ta Zariya akwai masana da suka ƙare rayuwarsu kan wannan ilmi, kuma da duban ganye suka fara. In hutu ya zo, ka zaga bayan gidanku da sassafe, ka durƙusa ka duba kafin ka taka.