Janaretan da Na Sa Aka Saya

Ni na sa unguwarmu ta sayi janareta maimakon sola, kuma hujjar da na kafa ita ce wai man fetur ɗin Arewa ya kusa fitowa. Yanzu idan na faɗa sai a yi dariya, amma a ƙarshen 2022 ban ga abin dariya a ciki ba, waɗanda suka bi bayana ma ba su gani ba.

Muna da rijiyar burtsatse guda a unguwarmu ta Kwatarkwashi, da tanki a bisa ƙarfe. Wutar lantarki ba ta zuwa yadda za a dogara da ita a cika tankin, don haka aka yi karo-karo, 'yan garin da ke aiki a Gusau da Kaduna da Abuja suka ƙara nasu, aka tara abin da ya samu. Shawara ta rabu biyu. Wasu suka ce a sa farantan sola da famfon da ke aiki da rana, ko da kuɗin zai ƙare kaf har a ɗan ci bashi. Wasu suka ce a sayi janareta mai ƙarfi, a yi wa tankin fenti da ragowar, a ajiye wani abu na mai. Ni ne malamin makaranta a cikinsu, ni ke sauraren rediyo safe da yamma, ni ake tambaya idan an ji wani labari daga Abuja. Da na goyi bayan janareta, magana ta ƙare.

Ya kamata in faɗi abin da ke cikin kaina a lokacin, domin ba ni kaɗai ke ɗauke da shi ba. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da haƙar mai, aka ce akwai ganga sama da biliyan ɗaya a ƙarƙashin ƙasar, da iskar gas mai yawa. Kafin nan, ranar 30 ga Yuni 2020, an ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a kan dala biliyan 2.8. A 2021 kuma dokar man fetur ta ware kashi 30 cikin ɗari na ribar mai da gas ta kamfanin NNPC don neman mai a sababbin wurare, ciki har da yankin Tafkin Chadi da na Sakkwato da na Bida. 'Yan Kudu suka yi ta ƙorafi a kan kason nan, mu kuwa muka yi ta murna. Duk wanda ya taɓa zama a mota ɗaya da mai yi mana gorin cewa da man yankinsu muke ci ya san daga inda murnar ta fito. Mukan mayar da martani da gyaɗa da auduga, mu tuna masu jirgin ƙasan da ke ɗibar kaya daga Ƙauran Namoda da Gusau a zamanin Turawa, amma a ƙasan zuciya abin da muke so shi ne mu ma a ce muna da rijiyar mai tamu. Da wannan zuciyar na shiga taron da ake maganar ruwan shan unguwa.

Wani yaro ɗan yayata, wanda ya karanta ilimin duwatsu a jami'a, ya miƙe ya ce, “Kawu, ko an sami man nan, ba za a sayar muna da arha don muna 'yan Arewa ba. Rana kuwa kyauta ce.” Na ce masa ya zauna, manya na magana. Na ƙara da cewa sola kayan yara ne, na cajin waya da fitilar mai shayi, kuma kowa ya ga fitilun kan titi da 'yan siyasa ke kafawa suna mutuwa kafin a gama ɗaukar hoto. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, shi ya sa ya yi tasiri. Wani dattijo da ke gefe ya ce a hankali, “Malam, ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari.” Na ji shi sarai, na yi kamar ban ji ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira dubu. Kuɗin da muka ajiye na mai ya narke. Aka sa kuɗi a kan kowace jarkar ruwa, aka ƙara, aka sake ƙarawa, har masu ƙaramin ƙarfi suka daina zuwa. Janaretan da ake tayarwa kullum ya koma sai ranar da aka haɗa na mai. Mata da yara suka koma tsofaffin rijiyoyi da gulbi, a lokacin da fita bayan gari a ƙasar Bunguɗu da Tsafe ba abu ne da uwa ke sakin jiki da shi ba. Wannan shi ya fi ci mini rai. Ban taɓa lissafa tsaro a cikin kuɗin janareta ba, alhali kowane taku da yarinya za ta ƙara daga ƙofar gida zuwa ruwa yana cikin lissafin.

Sai a lokacin na zauna na duba abubuwan da na yi ta faɗa da ƙarfin hali. Bututun Ajaokuta ya bi ta Kogi da Abuja da Neja da Kaduna ya nufi Kano. Bai ratsa Zamfara ba ko da taku ɗaya. An ce za a gama shi cikin shekara biyu, aka yi ta ɗage ranar. Neman mai a Tafkin Chadi kuwa ba jiya aka fara ba: tun shekarun 1970 ake yi, an haƙa rijiyoyi sama da ashirin ba a sami abin da zai mayar da kuɗi ba, kuma a Yulin 2017 aka yi wa ayarin masu binciken, har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka rasa rayuka da dama. Dutsen Kwatarkwashi da nake nunawa ina cewa wa ya san abin da Allah ya ɓoye a ƙarƙashinsa, yaron nan ya bayyana mini cewa irin dutsen da ya daskare daga narkakkiyar wuta ne, ba a samun mai a cikinsa. Wuraren da ake sa rai suna can yamma, wajen Sakkwato da Kebbi.

Yaron ne kuma ya fara ba ni labarin yadda ake fitar da gas idan ya maƙale a cikin dutse mai tauri. Ana haƙa rami mai zurfi, a karkata shi a kwance, sannan a tura ruwa da yashi da sinadarai da matsanancin ƙarfi har dutsen ya tsattsage, iskar ta sami hanya. Da wannan dabarar Amurka ta zama kan gaba a duniya wajen samar da gas, don haka ba za a ce ba ta aiki ba. Amma rijiya guda tana shan ruwa lita miliyoyi, kuma ruwan da ke dawowa sama gurɓatacce ne. Faransa ta haramta ta a 2011. Ingila ta dakatar da ita a Nuwamban 2019 bayan ƙasa ta yi motsi kusa da Blackpool. Wanda ya fi kama da mu shi ne na In Salah, can cikin Saharar Aljeriya, inda a farkon 2015 mutanen gari suka yi watanni suna zaman dirshan saboda tsoron kada a taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa da dabinonsu ke sha. Ba a wannan aikin a ƙasarmu, amma na tambayi kaina: da an zo an ce za a yi shi a Zamfara da kuɗin gwamnati, a wane ɓangare zan tsaya a 2022? Na san amsar. Da ni ne mai riƙe lasifika a wajen tarbar baƙi.

Kuma bai kamata Bazamfare ya buƙaci misali daga Aljeriya ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Zinariyar ta tafi inda ta tafi, aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa da jinyar yara ya rage a kan ƙauyawa da likitocin agaji, Bagega ma sai a 2013 aka saki kuɗin tsabtace ta. Mun ga abin da arzikin ƙarƙashin ƙasa ke yi idan ba a tambayi na saman ƙasa ba, amma da aka ambaci mai sai na manta.

Na je har gida na ba yaron haƙuri, a gaban uwarsa, tunda a gaban jama'a na gwale shi. Ya ce, “Haba Kawu, ya wuce,” sannan ya gaya mini abin da ban so ji ba: darajar naira ta faɗi, dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500, kayan sola kuwa daga waje ake shigo da su. Abin da kuɗinmu na farko zai saya a da, yanzu ko rabi ba zai kai ba. Janaretan ma da muka nemi sayarwa, an taya shi da wulaƙanci.

Ba na so in tashi daga wannan kuskure in faɗa kishiyarsa, domin na ga masu yin haka. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai suna buƙatar wuta mai ƙarfi dare da rana, kuma idan gas ya isa Kano zai yi masu amfani. Sannan kalmar makamashi mai tsabta ba ta hana a ci kuɗi ko a yi watsi da aiki. Ga injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, megawat 10, da aka faro tun zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa. An sace injiniyan Faransa da ke aikin, Francis Collomp, a Disambar 2012, aikin ya yi shekaru yana jan ƙafa. Ga madatsar Bakolori a nan gida, wadda aka gina don noman rani da 'yar wutar ruwa, amma aka ƙwace gonaki ba tare da diyyar kirki ba, har a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Abin da ya haɗa Bakolori da bututu da rijiyar mai shi ne an yanke shawara a nesa, aka kawo wa mutane a matsayin alheri. Ni ma haka na yi a ƙaramin matsayina: babu mace ko ɗaya a taron da muka yanke hukunci a kan ruwa, alhali su ke ɗaukar jarka.

Inda sola ta yi aiki kuwa, ta yi. Jami'ar Bayero ta sami tasha mai megawat 7.1 a 2019, an kuma buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023. Amma abin da ya fi buɗe mini ido shi ne Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta shafe sama da mako guda cikin duhu. A Gusau, masu faranti a kan rufi ne kawai ke sayar da ƙanƙara da cajin waya, kuma masallatan da ke da famfon sola su suka shayar da unguwanni. Manoman rani a bakin gulbin Sakkwato, waɗanda kuɗin man injin ban ruwa ya kusa korar su daga fadama, sun fara komawa faranti da kansu, ba tare da wani ya yi masu taron wayar da kai ba.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da tsara kasuwarta a cikin iyakokinsu, don haka yanzu ba komai ne za a jingina wa Abuja ba. Idan gwamnatin jiha ko ƙaramar hukumar Bunguɗu za ta sa kuɗi a wannan fanni, abin da zan nema bai da girman suna: famfon sola a kowace rijiyar burtsatse ta jama'a, firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa a kowane ƙaramin asibiti, da rance mai sauƙi ga manoman rani. A kuma rubuta kuɗin gyara a cikin kasafin tun ranar farko, da albashin mai gadi, da horar da yaran gari biyu ko uku da za su iya kwance famfo su mayar. Fitilun kan titin da na yi wa ba'a a taron nan, yawancinsu farantansu lafiya lau suke; batir ne ya mutu ko aka sace, kuma babu layi ko ɗaya a kasafin kowa da aka ware don sayen wani.