Hannun da Ya Ƙi Tashi: Ziyara Asibitin Ƙashi na Dala

Mai zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ta hanyar Ƙofar Ruwa sai ya ratsa ƙarar rodi da cunkoson 'yan Adaidaita Sahu kafin ya kai bakin ƙofa. Yana shiga sai sauti ya sauya: ƙwas-ƙwas na sandunan dogarawa, kukan tayar keken guragu, da "sannu, Allah ya ƙara sauƙi" da ke fitowa ta kowace kusurwa. Tun 1959 asibitin yake nan Kano, ɗan'uwan na Igbobi a Legas da na Inugu. Masu jinya sun baza tabarmi a inuwa, ga kwanukan abinci, ga manyan ambulan na hoton ƙashi da kowa ke riƙo da hannu biyu.

Mai karyayyar ƙafa ba ya ɓuya, filastarsa ce ke sanar da shi. Wanda ya tsaya mini a rai wani matashi ne a layin masu jiran gashin ƙashi, babu bandeji ko ɗaya a jikinsa. Hannunsa na dama yana reto, kafaɗar ta zube, damtsen ya tsotse har rigar ta yi masa yawa ta gefe guda. Da zai zauna, sai ya sa hannun hagu ya ɗauko na daman ya ɗora a cinya. Yayansa ya ce mini faɗuwa ce a kan babur, kuma ƙashin ya daɗe da haɗewa a wajen mai ɗori.

Matsalar irin wannan hannu takan faro ne daga lungun da wuya da ƙirji da hannu suka haɗu. Lungun ƙarami ne, amma an cusa masa kaya. Tsakanin ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙari na farko, manyan jijiyoyin jini biyu ne ke wucewa, ɗaya na kai jini hannu, ɗaya na komo da shi. Kan huhu ma yana leƙowa nan. Sannan ga jijiyoyi biyar da suka fito daga laka, suka sarƙe da juna, suka gangara hannu. Su ne ke ɗauke da motsi da ji, daga kafaɗa har yatsu. Idan mutum ya faɗo ta kafaɗa, kai ya yi gefe guda kafaɗa ta yi ɗaya gefen, jijiyoyin nan ne ke sha. Wani lokaci miƙewa kawai suke yi, su farfaɗo cikin makonni. Wani lokaci su tsinke. Mafi muni su tumɓuko daga laka kamar an cire shuka da saiwarta, kuma irin wannan kan zo da raɗaɗi mai ƙuna a hannun da ko tsinke aka soka masa ba ya ji, wani sa'in har fatar idon wannan gefen ta sauko.

Ba na raina masu ɗori, sun tashi kafaɗun mutane da yawa a inda babu asibiti. Amma ɗori aikin ƙashi ne, kuma a nan ake asarar lokaci. Ƙashin kan haɗe cikin 'yan makonni, sai dangi su yi ta cewa a ƙara haƙuri, hannun zai dawo. Jijiya kuwa, ko an ɗinke ta, tana tsirowa ne kimanin milimita 1 a rana, alhali tsokar da ta shekara zuwa shekara da rabi ba ta samu saƙo ba takan daina karɓa. Shi ya sa likitocin wannan fanni suka fi son yin aiki tsakanin wata 3 zuwa 6 da rauni. Ko jijiyar da ta tumɓuke akwai dabara: a aro wata lafiyayya a jona. A 1994 likitan Faransa Christophe Oberlin ya bayyana yadda ake tsakuro zare daga jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa a haɗa da ta damtse, don gwiwar hannu ta sake naɗewa.

Kano ta hana acaba tun 2013, amma babur bai bar ƙauyuka da jihohin maƙwabta ba, kuma daga can ake kawo da yawa cikin masu jiran nan. A ɗakin gashi, aikin kullum shi ne a lanƙwasa kafaɗa da gwiwar hannu da kowane yatsa, a miƙe, a sake, don kada gaɓoɓin su sandare kafin jijiya ta iso, kuma ana koya wa ɗan'uwan da ya rako marar lafiya yadda zai ci gaba da yi masa a gida safe da yamma.