Ƙwaya Goma Sha Biyu da Lomar Tuwo

  

Akwai abin da ya faru a gidana a daminar 2023 wanda na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, domin ni ne mai laifi a ciki. Na ga dai ya kyautu in rubuta shi, tun da da yawanku ko dai kun fara ajiye iyali, ko kuna da ƙanne a hannunku.

Wanda ya san Kwargaba da sauran garuruwan ƙasar Wurno ya san mu mutanen fadama ne. Ruwan gulbin Rima da ke ba mu shinkafa da albasa shi ne kuma yake raino mana sauro, ta yadda idan watan Agusta ya kama da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wani kwance da masassara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watannin damina tun 2012, shirin kuma ya iso Jihar Sakkwato a 2015. Ana bin gida gida wata wata, ana bai wa yara daga mai wata 3 zuwa mai wata 59, kuma ƙwayar irin wadda ake narkarwa ce a ɗan ruwa. Ɗiyata Nana da ita ta tashi. Amma a waccan daminar ta cika shekara shida, ta wuce sahun, kuma bai taɓa faɗo mini a rai ba cewa yarinyar nan ba ta taɓa haɗiye ƙwaya ɗungurungum ba a rayuwarta.

Ranar da jikinta ya yi zafi aka soki yatsanta aka gwada, aka tabbatar zazzaɓin ne. Aka ɗora ta a sikeli, kilo 17. Aka ba mu maganin nan rawaya da aka fi sani da Coartem: ƙwaya biyu a kowane sha, sha shida cikin kwana uku, wato goma sha biyu ke nan. Na dawo gida bayan magariba ina ganin an gama da wahala.

Na zaunar da ita, na miƙa mata ƙwaya, na ce, "Karɓi, Nana, alewa ce." Ta karɓa ba gardama, don Baba ne ya faɗa. Ta tauna. Har yau ina ganin yadda fuskarta ta yamutse, ta tofar, ta ɗago ta dube ni. Kuka ma bai zo mata nan take ba, kallon ne ya fara zuwa.

Daga nan Inna, mahaifiyata, ta karɓi aikin. Ta ce, "Ku yaran zamani komai sai kun yi lallashi, ba ni kishiyar nan tawa." Ta niƙe ƙwaya biyu a cokali, ta dama da ruwa, ta kwantar da yarinyar a cinyarta, ta toshe mata hanci, ta yi mata ɗura kamar yadda aka yi mana muna ƙanana. Ni kuwa, malamin makaranta, ni na riƙe ƙafafun. Nana ta buɗe baki neman numfashi, maganin ya bi ta inda bai kamata ba, ta ƙware. Ta yi ta tari idanunta sun fito, na ɗan lokaci sautinta ya ɗauke gaba ɗaya, sannan ta yi amai. Ban san tsawon lokacin ba, amma na san na kira sunan Allah da irin muryar da ban taɓa jin kaina da ita ba. Muka kwana zaune, jiki na ƙara zafi, magani bai shiga ba.

Da asuba na hau babur zuwa cikin Wurno, na sami wata ma'aikaciyar lafiya na ba ta labari. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce yaron da ke kwance yana kuka, an kuma toshe masa hanci, duk abin da aka zuba masa yana iya bin hanyar iska ya sauka huhu, daga nan sai a bar zazzaɓi a koma jinyar ciwon huhu, idan ma an yi sa'a. Ta nemo mini nau'in maganin da ke narkewa a ruwa mai ɗan zaƙi, wanda ashe akwai shi tun 2009. Ta ce a bi shi da nono ko abinci mai maiƙo don jiki ya fi karɓarsa, idan ta amayar kafin awa ɗaya a maimaita, kuma kada a tsaya sai an cika shan nan shida ko da jiki ya yi sanyi. Alhamdu lillahi Nana ta warke. Sai dai a kwana ukun nan ko ruwa na miƙa mata sai ta kau da kai, sai daga hannun mahaifiyarta take karɓa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwai hadisai biyu da na sha karantar da ɗalibai, ban tuna ko ɗaya ba a daren. Na farko yana cikin Sunan Abi Dawud, labarin Abdullahi ɗan Amir yana yaro, mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu. Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi komai da an rubuta mata ƙarya. Na biyu yana cikin Bukhari da Muslim: Ummu Ƙaisi 'yar Mihsan ta zo da ɗanta bayan ta danna masa maƙogwaro da yatsa saboda ciwon wuya, kamar yadda matan Larabawa suka saba, sai ya hana wannan wahalarwar, ya nuna mata wani magani maimakonta. Dubi dai, ɗan uwa, bai ce a bar yaro da ciwonsa ba. Hanyar ce ya gyara. Ni kuwa a dare ɗaya na haɗa ƙaryar da azabtarwar. Kuma ƙaryar alewa tana da wani haɗarin daban: yaron da aka gaya wa magani alewa ne, ran da ya tsinci kwalin a kan taga ba kowa, zai sha rabonsa na alewa.

Sai na tuna sana'ata. Haruffan maƙogwaro shida ne a Tajwidi, kuma babu wanda ke wahalar da ɗan Bahaushe kamar ainun. Nakan yi wata biyu ina bin yaro a kanta, ina nuna masa inda za ta fito, ba na dukansa don ta fito masa hamza. Maƙogwaron nan dai shi ne na so ya koyi sabon aiki cikin minti ɗaya, a jikin yarinya mai zafin masassara.

Dabarar ta zo mini ne a gaban kwanon tuwo, bayan ta warke da kamar mako uku. Ina kallonta ta yanko loma, ta mulmula, ta tsoma a miyar kuɓewa, ta jefa baki, sai gata ta wuce ba tauna. Lomar ta ninka ƙwayar Coartem sau da yawa. Ashe ɗan Bahaushe ya iya haɗiya tun yana ƙarami, tsoro ne kawai ke rufe masa wuya idan ya ga magani.

Na fara da ba ta haƙuri. Na ce, "Nana, ranar nan Baba ya faɗi abin da ba gaskiya ba. Magani ne, kuma da ɗaci. Amma idan kin iya haɗiye shi ɗacin ba zai same ki ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Inna za ta riƙe mini hanci?" Na ce a'a.

Kullum bayan la'asar sai mu zauna a tabarma da moɗar ruwa. Ta zauna a miƙe, ta fara kurɓar ruwa don wuya ya jiƙe. In mulmula tuwo kamar ƙwayar gero, ta ɗora a tsakiyar harshe, ta kurɓi ruwa sosai ta haɗiye, ni ma in yi nawa a gabanta. Kwana biyu muka koma girman dawa. Da muka kai girman wake sai ta cije, ruwan ya wuce, tuwon ya tsaya a harshe, idonta ya kawo ƙwalla. Da na ne sai in ce a sake. Na ce ta tofar, mun tashi na yau, gobe muka koma dawa muka sake hawowa. Ba mu taɓa wuce minti biyar ba, kuma kullum a kan wanda ta iya muke rufewa. Na lura kuma ɗaga kai sama can da muke koya wa yara yana ƙara mata wahala, ta fi samun sauƙi idan kanta yana daidai. Daga baya na karanta wani bincike da aka yi a Jami'ar Heidelberg ta Jamus a 2014, a kan manya, wanda ya nuna kafso, da yake yana taso wa saman ruwa, ya fi wucewa idan mutum ya ɗan sunkuyar da kai gaba. Cikin mako biyu Nana ta haɗiye girman wake tana dariya, ta kira Inna ta zo ta gani. Inna ta taɓe baki ta ce su dai da ɗura aka raine su kuma ga su nan da rai. Ban yi musu da ita ba, uwa ce. Amma na ga da ƙanen Nana ya yi mura ba ta nemi cokali ba.

Shi ƙanen, mai shekara uku, ban sa shi a wannan karatu ba, domin ƙananan yara irinsa suna iya shaƙewa, nasu maganin na ruwa ne ko mai narkewa. Haka kuma ba kowace ƙwaya ake niƙawa ko a ɓare ba, wata an lulluɓe ta ne don ta narke a hankali, sai a tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Jarrabawar ta zo a shekarar da ta biyo baya. Yaranmu na wanka a magudanun ruwan noman rani, shi ya sa tsargiya, wato fitsarin jini, ba baƙuwa ba ce daga nan har Goronyo. Ma'aikatan lafiya suka zo makaranta da maganinta, praziquantel, farar ƙwaya doguwa mai miligiram 600 da ɗaci kamar maɗaci. Ba sikeli suke amfani da shi ba, sanda ce mai zane ake jingina yaro a auna tsawonsa, kuma ana so kowa ya ci abinci kafin ya sha. Layi ya cika da kuka, wasu sun tauna suna kakarin amai, wani ya ɓoye tasa a aljihu. Aka jingina Nana, aka ce ɗaya da rabi. Ina tsaye daga nesa zuciyata na bugawa. Ta kurɓi ruwa, ta ɗora rabin ta haɗiye, ta ɗora babbar, sai da ta yi kurɓi biyu kafin ta wuce. Ta goge baki da gefen hijabinta, ta juya wurin ƙawarta da ke bayanta tana hawaye, na ji tana ce mata, "Da ɗaci fa, kar ki tauna. Fara shan ruwa tukuna."