Numfashi Kafin Magana

A unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, inda Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, an san abin da harshe yake iya jawowa. Tun rikicin 2013, zagi da jita-jita sukan riga harsashi isowa.

Wata mai bi tana sayar da atamfa a nan. Lafiyarta lau, amma in an taya kayanta da raini, sai bakinta ya kama wuta. Wata ma'aikaciyar jinya ta koya mata numfashi irin na yoga, motsa jikin da ya samo asali daga Indiya: ta zauna a miƙe, ta ja iska a hankali, ta sake ta a hankali. Fushi yakan sa zuciya ta yi saurin bugawa, numfashi ya gajarce. Jan dogon numfashi kuwa yakan sassauta bugun, har mutum ya sami zarafin zaɓen kalmarsa.

Waɗansu 'yan'uwa a ikkilisiya sun yi shakka, don tushen yoga yana cikin addinin Hindu. Ita dai numfashin ta ɗauka, addu'arta kuwa ga Ubangiji take. Numfashi ba ya gafarta wa maƙwabci, jinkiri kaɗai yake bayarwa. A cikin jinkirin nan ne take tuna cewa Wasiƙar Yakubu, sura 3, ta kwatanta harshe da wuta.

Fafaroma Faransis ya shiga babban masallacin unguwar ran 30 ga Nuwamba 2015 don neman sulhu. Riƙe sulhun ya rage ga masu ciniki, kowace safiya.