Yadda Na Shirya Kewaya Tsibirin Kubrus

Sa'ad da na bar aikin koyarwa, na karɓi ɗan abin da Gwamnati ta ba ni na sallama, sai uwargidana ta tuna mini wani alkawari da na yi mata, watau in kai ta ta ga ɗanmu na uku, wanda ke karatu a tsibirin Kubrus shekara uku ke nan bai zo gida ba. Na ce na ji, amma da sharaɗi guda. Ba za ni ƙasar mutane in zauna a ɗakin ɗalibi ina kallon bango ba. In mun tafi, sai mu ɗauki hayar mota, ni da kaina in tuƙa, mu kewaye tsibirin duka, yaron yana baya yana yi mana tafinta. Ta ce wannan ruwana ne, ita dai ta ga ɗanta.

Ya kamata mai karatu ya sani, labarin ƙasa na koyar fiye da shekara talatin. Saboda haka na ɗauka ba abin da ya fi wannan shiri sauƙi a gare ni. Kubrus, wanda Turawa ke kira Saifurus, yana can gabashin Bahar Rum, kudu da Turkiyya, yamma da Sham. Shi ne na uku wajen girma cikin tsibiran wannan teku, bayan Sisili da Sardiniya, girmansa murabba'in kilomita 9,251. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma bai wuce kilomita 240 ba, watau kamar daga Kano zuwa Kaduna. Ingilishi sun riƙe shi daga 1878, suka sake shi a 1960, shekarar da suka sake mu, shekarar kuma da aka haife ni. Na shimfiɗa taswira bisa tabarma, na ɗauko zare na bi gaɓar teku da shi kamar yadda na ke nuna wa yara a aji, na auna, na raba kwana bakwai. Kafin la'asar na gama. Da'ira ce kyakkyawa, ta tashi daga gabas ta bi kudu, ta zaga yamma, ta komo ta arewa.

Da dare muka kira yaron a waya, na karanta masa shirin gari gari, ina jin daɗin kaina. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, “Baba, Allah ya ba ka haƙuri, wannan da'ira ba ta zagayuwa. Ni ma da na ke zaune a nan ban taɓa taka rabin garuruwan da ka lissafa ba, ba kuwa zan iya ba.” Na ce, “Saboda me? Kuɗin mota ne ba ka da shi?” Ya ce, “A'a, Baba, takarda ce ba ni da ita.” An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Ran nan dai yaron ne ya hango, babban kuwa ga shi da zare a hannu.

Ba wai ban san tsibirin a rabe ya ke ba. Na sha faɗa wa ɗalibai. Mutanensa iri biyu ne, Girkawa Kirista su ne mafi yawa, sai Turkawa Musulmi. Rikici ya ɓarke tsakaninsu a ƙarshen 1963, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo sojanta a 1964. A watan Yuli na 1974 aka yi wa shugaban ƙasar, Makariyos, juyin mulki da goyon bayan sojan da ke mulkin Girka a lokacin, bayan kwana biyar sojan Turkiyya suka sauka a arewa, suka kama fiye da sulusin tsibirin. Girkawan arewa suka yi kudu, Turkawan kudu suka yi arewa, kowa ya bar gidansa da gonarsa. A 1983 arewa ta ce ta zama ƙasa, amma ban da Turkiyya ba wanda ya yarda. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 180, sojan Majalisa ke tsaronsa, ya ratsa tsakiyar Nikosiya, babban birnin, ya raba shi biyu. Duk wannan na san shi a matsayin amsar jarrabawa. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne yadda zai shafi dattijo da matarsa da motar haya.

Ga yadda abin ya ke. Tun 2003 aka buɗe ƙofofi, mutane na ƙetarawa. Amma Gwamnatin kudu, wadda duniya ta sani da sunan Jamhuriyar Kubrus, ba ta yarda da filin jirgin saman arewa ba. Baƙo irinmu da ya sauka ta can, a wurinta bai shigo ta halal ba. Ɗanmu kuwa ta can ya shiga, ta Turkiyya, kamar sauran ɗaliban Nijeriya da ke jami'o'in arewa, takardar zamansa ma ta arewa ce. Don haka kudu ta haramta gare shi.

Da na ga haka sai na ce to, a bar kudu mana, mu sauka arewa wurin yaron, mu kewaya abin da ya samu. Nan ne Hajiya ta sa baki. Ashe tana da nata nufin da ba ta faɗa ba. A makarantarsu ta matan aure an karanta musu labarin Ummu Haram bint Milhan, Allah ya yarda da ita, ƙanwar ko yayar mahaifiyar Anas ɗan Malik, matar Ubada ɗan Samit. Ita ce wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa bushara cewa tana cikin na farkon al'ummarsa da za su hau teku saboda Allah. Zamanin Halifa Usman, wajen shekara ta 649, ta bi rundunar Mu'awiya zuwa Kubrus, dabbar da ta hau ta kayar da ita, ta cika a can. Kabarin da a ke jingina mata yana bakin wani tafkin gishiri kusa da garin Larnaka, an gina masallaci a gefensa zamanin Turkawa, suna kiran wurin Hala Sultan. Hajiya ta ce, “Malam, in har zan haye teku, in zo kusa da wannan baiwar Allah, in komo ban yi mata sallama ba, to, me na je yi?” Larnaka kuwa a kudu ta ke. Ɗa a arewa, kabari a kudu, tsakaninsu bai fi tafiyar sa'a guda da mota ba.

Na yi kwana biyu ban taɓa taswirar ba. Ran na uku na sake shimfiɗa ta, na ajiye zaren, na fara da takardu. Mai fasfon Nijeriya sai ya nemi iznin kowane ɓangare dabam, wannan bai ɗauke wa wancan ba. Hanya ɗaya ce ta rage mana: mu sami bizar Jamhuriya, mu sauka a Larnaka, mu gama da kudu, sa'an nan mu ƙetara wurin yaron da iznin arewa, mu sake ƙetarowa mu tashi daga inda muka sauka. Kuɗin jirgi ya ƙaru, wahalar neman biza ta ninka, sai da na janye niyyar sake rufin ɗakin baƙi zuwa baɗi. Wannan ban gaya wa Hajiya ba sai daga baya.

Sai maganar mota, wadda ta fi cin lokacina. Na rubuta wa kamfanonin haya uku na kudu, ina tambaya ko zan iya shiga arewa da motarsu. Ɗaya ya ce sam. Biyu suka ce inshorarsu ba ta aiki da zarar an wuce ƙofa, sai in sayi wata a wurin, ita kuwa ta wanda na buge kaɗai za ta biya, in motar ta lalace a can, jawo ta da gyaranta duk a wuyana. Motar hayar arewa kuwa ba a barinta ta shiga kudu. Na auna abin, na ga mai cin fansho ba shi da wuyan ɗaukar wannan kaya. Sai na yanke shawara a yi mota biyu: ɗaya a kudu kwana biyar, a mayar da ita a Nikosiya, mu ƙetara da ƙafa ta ƙofar titin Ledira, wadda aka buɗe a 2008, yaron ya tarye mu da wata a can. Cikin wasiƙun nan na koyi waɗansu ƙananan abubuwa masu tsada: kamfani zai riƙe kuɗin jingina daga katin banki har a dawo da motar, a kan karɓe ta cike da mai a mayar da ita cike, hanyar da ba kwalta kuwa inshora ba ta san da ita ba. Wannan na ƙarshe shi ya sa na soke dajin Akamas na can arewa maso yamma, ko da ya ke na so ganinsa.

Akwai kuma abin da na ɓoye wa kowa, watau tsoron hannu. A Kubrus, kudu da arewa, hannun hagu a ke bi, gadon Ingilishi. Mu ma haka mu ke yi dā. Ina ɗan shekara goma sha biyu, ran 2 ga Afrilu 1972, aka juya Nijeriya zuwa hannun dama, ina tune da yadda muka fita bakin titi muna kallon direbobi suna tafiya kamar masu bin gawa. Amma ni a dama na koyi tuƙi, a dama na tsufa. Na tafi wurin wani abokina, tsohon direban babbar mota wanda ya yi tuƙi kafin canjin da bayansa. Ya yi dariya ya ce, “Malam, miƙaƙƙiyar hanya ba ta kashe kowa. Wuri biyu za ka kiyaye: shataletale, da sa'ad da ka fito daga gidan mai da safe ba kowa a titi. Nan hannu ke komawa gidansa.” Ya ce in nemi mota mai canja giya da kanta, don kada hannun hagu ya ruɗe, in kuma tuna cewa direba kullum shi ke kusa da tsakiyar titi. Na rubuta wannan a ƙaramar takarda don in liƙa kusa da sitiyari. Abin da ya ɗan kwantar mini da rai shi ne motocin haya a can jar lamba gare su, kowa ya gan ka ya san baƙo ne, sai ya yi maka uzuri ko ya ba ka wuri.

Wajen zaɓen lokaci ban sha wahala ba. Yuli da Agusta zafi ne wanda ya kan haura 40 a Nikosiya, ba kuwa zan biya kuɗin jirgi in je in sha abin da na bari a gida ba. Cikin hunturu ƙanƙara na sauka a duwatsun Turodos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,952, ni kuwa ban taɓa tuƙi bisa ƙanƙara ba. Na zaɓi Afrilu. Hasarar da ke ciki ita ce tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da jaja-jajan fukafukai, da ke cika tafkin Larnaka da hunturu, yawancinsu sun tashi kafin nan.

Da na zo raba kwanaki muka ɗan yi gardama. Ni na so a bar ziyarar kabarin sai ranar komowa, tun da yana dab da filin jirgi. Hajiya ta ce ba wanda ya ba ta tabbacin ranar komowa. Na rasa amsa, aka sa shi ranar farko. Kashegari Limasol, kimanin kilomita 70 bisa babbar hanya inda ba a wuce 100 a sa'a, mu ga kangon birnin Kuriyon da dandalin wasanninsa da ke fuskantar teku. Rana ta uku Fafos, wani kilomita 70 ɗin, saboda daɓen gidajen Rumawa da aka yi wa zane da ƙananan duwatsu masu launi. Ta huɗu mu hau Turodos. A taswira tafiyar gajeriya ce, amma na ba ta yini guda, gama hanyar dutse ba a auna ta da zare, ga kwana ga gangara. Ta biyar mu gangara Nikosiya. Abinci kuwa, da ya ke naman alade ya yi yawa a kudu, mun shirya mu tsaya ga kifi da burodi da zaitun da cukunsu da a ke kira halumi, wanda a ke gasawa ba ya narkewa.

Kwana huɗu na arewa na bar wa yaron ya tsara, tun da ya nuna ya fi ni sani. Ya sa Kireniya, wadda Turkawa ke kira Girne, inda a ke ajiye da wani jirgin ruwa da ya nutse tun kafin haihuwar Annabi Isa da wajen shekara ɗari uku. Ya sa zirin Karfas, inda jakuna ke yawo a sake ba mai su. Abu ɗaya na roƙa, mu yi Jumma'a a Famagusta, a masallacin Lala Mustafa, wanda majami'a ce dā kafin Turkawa su ci garin a 1571. A ƙofarsa akwai wani tsohon ɓaure, irin namu sak, wanda a ke cewa sa'an ginin ne, watau ya haura shekara ɗari bakwai.

Da na karanta masa shirin na biyu, bai sami abin gyara ba sai ɗaya. Ya ce ranar da za mu ƙetara kada mu ɗauko manyan akwatuna, titin Ledira na masu ƙafa ne, mota ba ta shiga, sai mun ja kayanmu da hannu tsakanin shingayen biyu. Uwarsa ta karɓi wayar ta ce akwatinta ɗaya ba ya raguwa, gama kilishi ne da yaji da kuka a ciki, kuma ba ni zan ɗauka ba balle in yi ƙorafi. Sa'an nan ta tambaye shi abin da ya ke so ta roƙa masa in ta je Larnaka. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, “Umma, ki ɗauko mini hoton wurin. Abokaina da yawa ba su san yana nan ba.”