Tukunyar ƙasar Japan da shinkafar ɗalibi

Yau maganar tukunya zan yi, kuma rubutun da ɗan tsawo, mai lakca ya je ya dawo.

Kwanan nan bidiyon wata baƙar tukunyar ƙasa ta Japan ya cika mana waya. Kun san shi ai: a ɗaga murfi a hankali, tururi ya tashi, ga shinkafa fara sol tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Mu huɗu ne a ɗakinmu a nan Ibadan, kuma ɗaya daga cikinmu ta ƙwallafa rai sai ta mallake ta. Har ta samu mai kawo kaya daga waje, ya yanka mata kuɗi, ta fara lissafin abin da za ta tsakura daga kuɗin cefanenta na zangon nan. Babanta ɗan fansho ne. Shi ya sa na ga maganar ta wuce ta sha'awa, gara a zauna a yi ta da hujja.

Ra'ayina a taƙaice: tukunyar gaskiya ce, tana yin abin da ake cewa tana yi. Amma an gina ta ne don shinkafarsu da wutarsu da irin zamansu. Ɗalibin da ke girki a lungun hostal kuɗinsa kawai zai zubar.

Sunanta donabe. Kada sunan ya ruɗe ku, a Japananci "do" ƙasa ce, "nabe" kuma tukunya. Wato tukunyar ƙasa, ba ƙari ba ragi. Wurare biyu ne suka fi suna wajen gina ta, duka a lardin Mie. Na farko garin Yokkaichi, inda ake yin wadda suke kira Banko, kuma daga can mafi yawan tukwanen ƙasar da ke gidajen Japan suke fitowa. Na biyu Iga, inda yumɓun ya samo asali daga ƙasan wani daɗaɗɗen tafki. Yumɓun Iga cike yake da ɓurɓushin tsirrai da ƙananan halittu, idan aka gasa tukunyar sai su ƙone su bar 'yan ƙofofi birjik a jikinta. Wadda kuka fi gani a bidiyo, mai murfi biyu, ta wani gidan magina ce a Iga mai suna Nagatani-en, wanda ke wannan sana'a tun 1832. Sunan tukunyar Kamado-san.

To me ya sa shinkafarta ke daɗi? Ƙasa ba ta ɗaukar zafi da wuri kamar ƙarfe, idan kuma ta ɗauka ba ta saki da wuri. Saboda haka ruwa yana ɗumi a hankali, kuma a wannan tsakanin wasu sinadarai da ke cikin ƙwayar shinkafa suna samun sarari su mayar da ɗan sitacinta ya koma sukari. Daga nan zaƙi-zaƙin yake fitowa. Murfi biyun kuma kowanne da hujinsa, ana ɗora su yadda hujojin ba za su haɗu ba, sai tururi ya ɗan matsu a ciki kuma ruwa ba ya bori. Ana jiƙa shinkafa kamar minti 20 zuwa 30, a ɗora a wuta kamar kwata ɗin awa, a kashe, a bar ta a rufe minti 20. Zafin da ke jikin tukunyar shi ke ƙarasa dahuwar.

Ba a bidiyo kaɗai na gan ta ba. Akwai wata malamarmu da ta yi karatun digirinta na uku a Japan, ta taɓa gayyatar mu gidanta mu biyar da take duba wa aikin bincike, kuma da ita ta dafa mana. Wallahi shinkafar ta yi daɗi. Laushi, danƙo kaɗan, ga ƙamshi, kana iya cin ta da ɗan gishiri kawai. A ƙasan tukunyar akwai ɓawo ja-ja mai ƙaras-ƙaras, ta kankaro ta raba mana tana cewa sunansa okoge, wai can abin marmari ne. Muka kalli juna. Ƙanzo ne fa! Ƙanzon da muke rububi a kai muna yara, wanda a wasu gidajen sai an jiƙa an ba kaji. Amma abin da na riƙe daga wannan rana shi ne abin da ta faɗa da kanta: sai ta samu irin shinkafarsu take sauko da tukunyar daga saman kabad. Girkin yau da kullum da tukunyar ƙarfe take yi kamar kowa.

Nan ne gizo ke saƙa. Shinkafar Japan gajera ce, mai ƙiba, mai danƙo, kuma ba a turara ta. Sussuka kawai ake yi a goge. Ruwanta kaɗan ne, ya ɗan ɗara yawan shinkafar kawai. Tamu fa? Je ki Bodija ki duba buhunan da ke jibge, ko 'yar gida ko 'yar waje, kusan duk doguwa ce wadda aka riga aka jiƙa aka turara tun tana shanshera. Wannan turarawar ta riga ta kashe sinadaran nan da ke kawo zaƙi, ta kuma sa ƙwayar ta yi tauri. Shi ya sa take shan ruwa da yawa, take daɗewa a wuta, ta fito warara. Babban abin da ake sayen donabe dominsa ba zai samu ba a irin wannan shinkafar. A cikin namu, wadda ta fi kusa da tasu ita ce shinkafar tuwo. To wa zai sayi tukunyar dala ɗari da wani abu don ya tuƙa tuwo? Muciya ma kaɗai ta isa ta sa gabanki faɗuwa.

Sannan ku duba abin da muke dafawa. Ɗalibi ba farar shinkafa zalla yake ci ba. Dafa-duka ce, jalof ce, garau-garau ne, ranar da aljihu ya yi nauyi a sa kifi. Jalof da suya take farawa: mai ya yi zafi, a zuba albasa, a soya tumatir har ruwansa ya ƙone. Irin wannan tukunyar ba ta son a ɗora ta a wuta ba ruwa a ciki, kuma masu ita sun hana suya mai yawan mai a cikinta, don jikinta yana tsotse man. Haka take tsotse ƙamshi. Ki dafa manja da daddawa da busasshen kifi sau ɗaya, shinkafar jibi ma sai ta ba da labari.

Sai maganar wuta. Harshen wutar gas take so. Da yawanmu kuwa murhun lantarki muke jonawa, shi ma sai an kawo wuta, ko risho, ko ƙaramar silindar da mutum uku suka yi karo-karo suka cika. Mai gas ɗin ma ta sani, dahuwa ɗaya daga jiƙo zuwa saukewa awa guda ce cur. Wanda ya fito lakcar ƙarfe biyu yana da wata ƙarfe huɗu, cikinsa na kiran ciroma, ba zai zauna yana kallon rufaffiyar tukunya minti 20 ba.

Ga kuma reno, don tukunyar nan reno ake yi kamar jaririya. Kafin a fara amfani da ita sai an dafa kunun shinkafa mai kauri a ciki don sitaci ya toshe ƙofofin. Ba a ɗora ta a wuta gindinta da lema, sai ta tsage. Ba a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi. Ba a jiƙa ta a ruwan sabulu, don za ta sha. Ba a barin abinci ya kwana a ciki. Bayan wanki sai an kife ta ta bushe ƙarau, in ba haka ba ta yi fumfuna, kuma kun san damina a garin nan, tawul ma kwana biyu yake bai bushe ba. Yanzu ku kawo wannan jaririyar hostal, inda ake aron tukunya ba sallama, a dawo da ita da sauran taliya a ciki. Nauyinta kilo uku ko fiye. Ƙarshen zango a ce kowa ya kwashe kayansa, ki cusa ta a Gana-mas-go, yaran mota su jefa a but su ɗora buhun garin kwaki a kai, a kama hanyar Kano. Sai dai ki sauke tsingaro.

Kuɗin kuwa, mai kyau ta Iga da za ta ciyar da mutum uku ko huɗu ta haura dala ɗari a wajen Japan, kafin kuɗin jirgi da ribar mai kawowa. Na ce wa ƙawar tawa ta juya wannan zuwa naira, ta raba da kuɗin kwanon shinkafa, ta ga kwano nawa ne. Da ta buga ta ga lambar, shiru ta yi. Masu araha da ake tallatawa da sunan "ta Japan" kuma ba ki da hanyar sanin wane yumɓu ne, ko wane fenti aka shafa a cikin abin da za ki ci abinci a kai.

Wani abin da ya ba ni mamaki: ƙarfin jure wuta na tukwanen Yokkaichi daga Afirka yake. Wani ma'adini ne da ake kira fetalait suke cakuɗawa da yumɓu don kada tukunya ta fashe, kuma shekara da shekaru daga mahaƙar Bikita a Zimbabwe suke samun sa. Ma'adinin yana ɗauke da litiyom, wanda ake batirin waya da na motocin lantarki da shi. A 2022 wani kamfanin ƙasar Sin ya sayi mahaƙar, sai maginan Japan suka shiga wahalar samun kayan aiki, farashi ya tashi. Kun ga wayar da muke kallon tukunyar a cikinta, ita da tukunyar dutse ɗaya suke takara a kai.

Su kansu Japanawa fa ba da ita yawancinsu ke dafa shinkafar kullum ba. Tun da Toshiba ya fito da tukunyar lantarki mai kashe kanta a 1955, ita ta mamaye gidaje. Donabe ta fi fitowa lokacin sanyi, a ɗora ta tsakiyar tebur ana dafa romo da ganye da kifi, iyali su kewaye ta. Mai dafa shinkafa da ita mutum ne da ya zaɓi ya ba abin lokaci.

Abin da za mu iya ɗauka kyauta shi ne tsarin. Na gwada shi da tukunyata mai kaurin nan da maƙera ke zubawa, kuma na ga bambanci. Ki wanke shinkafa har ruwan ya washe. In mai laushi ce wadda ba a turara ba, ki jiƙa ta rabin awa ki sa ruwa ya ɗan ɗara ta. In turararriya ce ki ba ta ruwanta yadda kika saba. Da ta tafasa ki rage wuta can ƙasa, ki samu murfi mai kamawa, in yana rawa ki ɗora masa wani abu mai nauyi. Ki daina buɗewa kina juyawa kowane minti biyu. Idan ruwa ya tsotse ki kashe, ki ƙyale ta a rufe minti 15. Wannan hutun na ƙarshe shi muke tsallakewa saboda yunwa, kuma shi ne rabin daɗin. Ga ragin gas a kai.

Ni a ganina ma ba tukunya muke kwaɗayi ba idan muna kallon bidiyon nan ƙarfe ɗayan dare. Nutsuwar muke kwaɗayi. Mutum yana girki ba ya sauri, ba layin wanke-wanke, ba wanda ke tsaye a kansa yana jiran murhu. Ni kakata yake tuna min. A tukunyar ƙasa take dafa wake da miyar kuka, ta sauke tun la'asar, har bayan isha'i in ka buɗe da ɗuminta. Ba ta taɓa jin sunan Iga ba, amma ta san ba a ɗora jiƙaƙƙiyar tukunya a wuta, ta san sabuwa sai an dafa ruwan tsari ko kunu a ciki tukuna. Kewar gida ce, kuma ba a aiko da maganinta ta jirgi.

Wadda ke son girkin ƙasa da gaske, magina ba su ƙare a ƙasar nan ba. Ku zaro naira 20 ku juya bayanta, Ladi Kwali ce zaune tana gina tukunya. A cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin da yanzu ake kira Suleja ta yi aiki tun 1954, tare da wani Bature, Michael Cardew, wanda shi kuma ya koyi sana'ar wajen Bernard Leach, mutumin da a Japan ya koyo ta. Har Turai da Amurka aka kai ta tana nuna gwaninta. Tukunyar girki ta kasuwar ƙauyenku ba ta kai donabe santsi ba, ba ta da murfi biyu, amma tana riƙe zafi, kuma in ta fashe ba za ki yi kuka ba.

Wa ya kamata ya sayi donabe? Wanda ya gama makaranta, yake da kicin nasa da gas, yake da hanyar samun gajeriyar shinkafa, yake son farar shinkafa don kanta, kuma kuɗin ba na abincin wata uku ba ne. Shi kam zai more ta shekaru. Mu da ke jiran alat daga gida, daidai ruwa daidai tsaki. A sayi shinkafar, a cika silinda, a nemi murfi mai kamawa.

Allah ya sa wa iyayenmu albarka a nemansu, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe.